Tsakanin Kariyar Keke Da "Career" Ta Bature

A watan jiya wani ɗan ƙanwata da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba ya kawo mini takardar neman aiki da ya rubuta wa wani kamfani a Ikko, ya ce in duba masa kafin ya aika. Yaron ba baya ba ne wajen karatu, digirinsa mai kyau ne, Turancinsa kuma ba abin kunya ba ne. Ina cikin karantawa sai na zo wurin da ya ce babban burinsa shi ne ya gina "carrier" a wannan kamfani. Na ajiye tabarau na dube shi, na ce, "Kai, kekuna suke ƙerawa a wurin nan?"

Ya ce, "A'a, Kawu, harkar inshora suke yi."

Na ce, "To, me za su yi da kariyar keke?"

Ya karɓi takardar ya duba, ya sake dubawa, bai ga laifinta ba. Har ya kafa mini hujja da cewa kwamfuta ba ta ja masa jan layi a ƙarƙashin kalmar ba. Gaskiyarsa, ba za ta ja ba, domin kalmar da ya rubuta Turanci ce sosai, sai dai ba ita yake nufi ba. Abin da yake nufi shi ne "career", wadda ake rubutawa da harafin "r" ɗaya a tsakiya da "e" biyu. Wadda ya rubuta kuwa, mai "r" biyu da "i", ma'anarta mai ɗaukar kaya: ɗan dako, ko motar kaya, ko kamfanin jiragen sama, ko kuwa, a bakin likitoci, mutumin da ke ɗauke da wata cuta ko gadon sikila a jininsa alhali shi lafiyarsa lau. Daga ita ne Hausa ta ari "kariya", wato ƙarfen nan na bayan keke da ake ɗaura buhu ko a goya yaro a kai.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne ga wanda ya taɓa zama a ofis aka tara masa takardun masu neman aiki ɗari biyar alhali gurbi uku ne. Irin wannan jami'i ba dalilin ɗaukar mutum yake nema a karon farko ba, dalilin rage tulin takardu yake nema, kuma kuskure irin wannan a layin farko ya ishe shi dalili.

Tushen rikicin a kunne yake. Yawancinmu a Nijeriya, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri duka, furuci ɗaya muke yi wa kalmomin nan biyu, mu ce "kariya". Bature kuwa yana bambanta su da wurin da yake danna murya. In yana nufin mai dako sai ya danna gaɓar farko, in kuwa rayuwar aiki yake nufi sai ya sassauta ta farko ya danna ta biyu, ya ja ta. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe wuya ba, mutumin da ke bambanta farin kaya da farin rashin ruwan sama da farin farawa, ba tare da ya canja harafi ko ɗaya ba.

Abin dariya shi ne, in aka bi salsala, yaron nan bai yi nisa da gida ba ƙwarai, domin kalmomin biyu jikokin kaka ɗaya ne. Romawa suna da kalmar "carrus", wato keken da doki ko sa ke ja, wadda su ma suka aro daga mutanen da ke zaune a ƙasar da ake kira Faransa yanzu. Daga ita aka sami sunan hanyar da irin waɗannan kekuna ke bi, Faransawa suka mayar da shi "carrière", filin sukuwa ke nan. Ingilishi suka ɗauka a ƙarni na 16, kuma a lokacin ma'anarta ita ce sukuwar doki, irin wadda mahayi ke sakin linzami ya zabura, kamar dai yadda ake jafi gaban Sarki ranar hawan salla. Sai a farkon ƙarni na 19, wajen 1803, aka fara amfani da ita a kan tafiyar mutum cikin aikinsa. Sunan mota a Turanci da kalmarsu ta ɗaukar kaya duk daga wannan keken na Romawa suka fito. Tsohuwar ma'anar ma ba ta mutu ba: har gobe in jaridar Ingila ta ce wata mota ta yi "career" ta faɗa rami, tana nufin ta ƙwace wa direba ne da gudu, ba wai ta sami ƙarin girma ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci su kuma nasu rikicin daban ne, domin a wurinsu "carrière" tana nufin rayuwar aiki, tana kuma nufin wurin da ake fasa dutse, ko da yake ta biyun daga wani tushe daban ta fito.

To, wannan tarihi shi ne mabuɗin fahimtar kalmar. Hanya ce, ba zango ba. Bature yana da kalmar "job", wadda ita ce aikin da kake yi yau, wanda aka ɗauke ka, ake biyanka a ƙarshen wata, kuma ana iya sallamarka gobe. Ita kuwa "career" ita ce dukan tafiyar tun daga ranar da ka fara har ranar da ka ajiye, da hawa da gangara, da wuraren da ka yada zango. Saboda haka ba a rubuta takardar neman "career", aiki ake nema. Ba a kuma korar mutum daga ita, sai dai kora ta karya ta ko ta juya mata akala. Mutum ɗaya yana iya yin ayyuka goma a cikin tafiya guda.

Ɗauki misalin marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911. Ya fara da koyarwa a Midil ta Katsina, ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 da Ruwan Bagaja, ya je Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya taɓa siyasa, daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, ya rasu a 1981. Ayyuka ne barkatai, amma in Bature zai ba da labarinsu da kalma ɗaya zai ɗaure su duka. Haka Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya tashi daga ajin Midil ta Bauchi ya zama Firayim Minista a 1957. Shi sai a ce ya yi guda biyu, ta malanta da ta siyasa. Kuma ba sai mai zaman ofis ba. Ana faɗinta a kan ɗan ƙwallo irin marigayi Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ana faɗinta a kan mawaƙi irin Alhaji Mamman Shata. Har ɓarawon da ya mayar da sata abin yinsa na kullum, jaridun Turanci suna liƙa masa ita.

Mece ce Hausarta? A nan ne masu fassara a gidajen rediyo da jaridu suke shan fama, kuma ni ban ga laifinsu ba. Wani ya ce "aiki", wani ya ce "sana'a", wani ya ce "rayuwar aiki" ko "tarihin aiki". "Aiki" ta yi faɗi da yawa, domin sharar tsakar gida ma aiki ce. "Sana'a" ta fi kusa, amma tana gaya maka irin abin da mutum ke yi ne, ƙira ko jima ko ɗinki, ba ta gaya maka inda ya fito da inda ya dosa ba. Ni dai a ganina babu kalma ɗaya da za ta ɗauke ta a ko'ina, kuma ba aibu ba ne. In ana maganar wanda ya yi ritaya, "tsawon aikinsa" ta wadatar. In ana maganar saurayi mai shirin farawa, "tafarkin aikin da zai bi" ta fi dacewa. In ɗan wasa ne ya daina, sai a ce ya bar fagen. Mai fassarar da ya nace sai ya sami kalma guda, shi ne yake ƙarewa da Hausar da ba mai ganewa sai wanda ya riga ya ji Turancin.

Rashin kalmar bai nuna cewa kakanninmu ba su san abin ba. Sun san shi, sai dai ta wata fuska suka dube shi. A ƙasar Hausa ta dā yawancin sana'o'i gado ne, shi ya sa ake cewa kyan ɗa ya gāji ubansa. Har akwai sunan da ake kiran wanda ya gāji sana'arsa, a ce karda ne, wanda kuwa ya shigo ta da rana tsaka a ce shigege ne ko ɗan haye, kuma ba yabo ba ne. Ɗan maƙeri yana farawa da zuga, ya kai ga riƙe awartaki, ya kai ga buɗe maƙerarsa, in Allah Ya ja kwana ya kuma sa ya yi fice wata rana a naɗa shi Sarkin Maƙera. Wannan tsani ne sosai, yana da matakai, yana da ƙoli. Bambancin kawai shi ne ba yaron ne ya zaɓi tsanin ba, a gindinsa aka haife shi. Kalmar Bature kuwa tana ɗauke da zaton cewa mutum shi ya zaɓi hanyarsa, shi yake kuma lissafin inda za ta kai shi. Wannan zaton ne baƙo a wurinmu, ba hawan tsanin ba. Wa zai dubi Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, ya ce mutumin nan bai tsara tafiyarsa ba don kawai ba shi da fayil a sakatariya?

Na kawo zancen fayil ne da gangan, domin a zukatan mutanenmu da yawa, musamman iyaye, wannan kalma da aikin gwamnati abu ɗaya ne. Akwai dalili. Tun zamanin En'e, akawu da malamin makaranta da malamin asibiti su ne aka ga suna da albashi tabbatacce da ƙarin girma da fansho. Hukumar da Cif Jerome Udoji ya shugabanta, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ita ta shimfiɗa tsanin nan mai matakai 17 da har yanzu ake magana a kansa. Mai digiri yana shiga a mataki na 8. A ƙa'idar Gwamnatin Tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 sai mutum ya shekara uku a kan kowane kafin a duba ƙarin girmansa, daga na 15 kuwa sai ya shekara huɗu, kuma babu na 11, daga 10 sai 12. In mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawar ƙarin girma ba, bai kuma taɓa rasa gurbi ba, yana bukatar shekara 26 kafin ya zama darekta a mataki na 17. A gefe guda ga ritaya tana jira, ranar da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da sakandare ne aka ƙara wa wa'adi da dokar 2022, zuwa 65 ko 40. Wanda ya fara a makare, ko ya yi shekaru yana zaune a mataki guda, lissafin da kansa zai gaya masa inda tafiyarsa za ta tsaya.

A cikin wannan tsari ne ake jin kalmar tana zuwa a gaban wata kalmar, a ce wane "career civil servant" ne, ko "career diplomat". Ma'anar ita ce mutumin da ya hau tsanin daga ƙasa, aikin shi ne rayuwarsa, saɓanin wanda aka ɗauko daga waje aka ɗora a sama. Marigayi Alhaji Liman Ciroma, wanda ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya a 1977, misali ne na farkon. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, da aka tura ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya zamanin Shugaba Shagari, misali ne na biyun: ɗan siyasa ne aka ba jakadanci, kuma faɗin haka bai rage masa komi ba. Har yau in Shugaban Ƙasa zai naɗa jakadu, kashi biyu ake yi, da na cikin ma'aikatar harkokin waje da na siyasa. Amma a yi hattara da wata ƙanwar kalmar, "careerist". Kada wani ya ji an kira shi haka ya yi godiya. Zagi ne, ana nufin mutumin da ba abin da ya dame shi sai hawa, ko da zai taka wuyan abokan aikinsa.

Waɗanda suka manyanta sun san cewa tsanin gwamnatin nan ma ba na ƙarfe ba ne. A 1975, bayan Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki, an sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, wasu a rediyo suka ji sunansu. Akwai waɗanda suka cancanci korar, akwai kuma waɗanda gaba da hassada suka ci. Abin da ya bari a zukatan waɗanda suka tsira shi ne sanin cewa shekara ashirin na aiki tana iya ƙarewa da sanarwa guda, kuma masana da dama suna ganin tun daga nan wasu ma'aikata suka koyi tara abin gobe ta hanyar da ba ta dace ba. A 1988 kuma gwamnatin Janar Babangida ta soke muƙamin Babban Sakatare, ta kawo Darekta-Janar wanda zai tafi tare da gwamnatin da ta naɗa shi, wato aka sare ƙolin tsanin aka miƙa wa siyasa. Sai a tsakiyar shekarun 1990, bisa shawarar kwamitin Allison Ayida, aka mayar da shi. Fanshon ma da ake taƙama da shi ya canja tun 2004, ya koma na adashi, ma'aikaci ya zuba, wanda ya ɗauke shi ya zuba.

Yanzu kuwa yawancin samari ba su ma kai ga gindin wannan tsani ba. Wanda ya sami koyarwa a makarantar kuɗi yau, gobe yana kamfanin waya, jibi yana sayar da kaya ta intanet. A irin wannan hali ne fahimtar kalmar take da amfani fiye da dā, domin masu ɗaukar aiki suna son tambaya a kanta. In an zaunar da kai aka ce ka ba da labarin "career" ɗinka, ba ana so ka fara daga garin da aka haife ka da sunan firamarenka ba ne. Ana so ka nuna zaren da ya ɗinke ayyukan da ka yi: me ka koya a na farko da ya kai ka na biyu, me ya sa wannan da kake nema ya zama na gaba. In kuma aka tambaye ka inda kake son ka kai nan da shekara biyar, amsar "duk abin da Allah Ya yi" gaskiya ce da ba mai musu, amma ba ita ake tambaya ba. Mu Hausawa an tarbiyyantar da mu da kunyar faɗin buri, muna ganin kamar cika baki ne ko shiga hurumin Ubangiji. Na sha ganin wannan kunya ta kayar da yaran da suka fi abokan takararsu sani. Ba wanda ya hana ka ce in Allah Ya yarda, amma ka faɗi abin da kake so Ya yarda da shi.

Wajen rubutu kuma akwai 'yan ƙananan abubuwa. In fannin za ka ambata, "in" ake sa wa, a ce "a career in banking". In kuwa sunan mai aikin za ka ambata sai ka sa "as", ka ce "a career as a nurse". Sa'an nan in ka buɗe shafin wani kamfani ko banki a intanet ka ga an rubuta "Careers" a can ƙasa, ba tarihin manyan ma'aikatansu aka ajiye a wurin ba. Nan ne ƙofar guraben aiki. Na san wanda ya yi watanni yana yawo da ambulan daga ofis zuwa ofis, masu gadi suna korarsa, alhali kamfanonin da yake nema ba su karɓar takarda sai ta wannan ƙofa.

Da makarantu suna yin abin da aka ɗora musu, da ba sai kawu ya koya wa yaro wannan ba. Tun 1959 wasu malamai mata 'yan mishan a Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban don su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukan da ke gabansu, kuma daga nan ake lissafin farkon wannan harka a Nijeriya. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a samar da malaman ba da shawara a makarantun sakandare, tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 kuma an gina shi ne a kan cewa bayan shekara uku za a duba yaro a ga inda ya fi dacewa, ko littafi ko aikin hannu. A takarda ke nan. A makarantun gwamnati da yawa da na sani, in ma akwai malamin, an ba shi darasin da ba mai koyarwa ya riƙe, ofishin nasa kuma ya zama wurin ajiye karyayyun kujeru. Sai yaro ya zo cika fom ɗin JAMB ya rubuta likitanci don babansa na so, ko lauya don abokinsa ya rubuta, in bai samu ba ya karɓi duk abin da jami'a ta jefa masa, ya shekara huɗu yana karanta abin da bai san inda ake aiki da shi ba.

Ɗan ƙanwar nan tawa haka ya yi. Lissafi ya karanta, ba don ya zaɓa ba. Da muka gyara kalmar sai na tambaye shi ko ya san abin da mai lissafi ke yi a kamfanin inshora. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai an ce suna ɗaukar mutane. Muka zauna har bayan isha'i ina yi masa bayanin masu auna haɗari, waɗanda ke lissafa abin da kamfani zai karɓa da abin da zai biya, da jarrabawoyin da ake yi shekara da shekaru kafin a ƙware, da yadda masu wannan ƙwarewa suke da ƙaranci a ƙasar nan. Ya yage takardar farko ya rubuta wata, wadda kalmar ma ba ta fito a cikinta ba ko sau ɗaya.

An kira shi ganawa ranar Talata mai zuwa. Uwarsa ta riga ta haɗa masa kuɗin mota zuwa Ikko, ƙannensa kuwa tun ranar da suka ji labarin ba su kiransa da wani suna sai Yaya Mai Kariya.